Sayayya ta Intanet ko Zuwa Kanti: Wanne Ya Dace da Wane Irin Kaya

Mutumin da ke da waya mai intanet da katin banki yana da kasuwa biyu a gabansa duk lokacin da wata buƙata ta taso masa. Ko dai ya tashi ya je kanti, ya duba kaya da idonsa, ya biya, ya riƙo abinsa ya dawo gida, ko kuwa ya zauna inda yake, ya latsa waya, ya biya, ya jira a kawo masa har ƙofa. Yawancin masu kwatanta hanyoyin nan biyu da farashi suke farawa, kuma a kansa suke tsayawa. A ganina farashi shi ne tambaya ta uku. Ta farko ita ce: shin ana iya sanin wannan kaya sani na haƙiƙa ba tare da an taɓa shi ba? Ta biyu kuma: idan kayan ya zo da matsala, wa zai ɗauki asarar, kuma wa za a tunkara da ƙorafi? Wanda ya amsa waɗannan biyun kafin ya fitar da kuɗinsa, da wuya ya yi da-na-sani, ko ta wace hanya ya bi.

Tarihin wannan kasuwa shi kansa yana nuna nauyin tambayar farko. Lokacin da Jeff Bezos ya kafa Amazon a yankin Seattle na Amurka a 1994, ya kuma buɗe shafinsa ga jama'a a 1995, littattafai kaɗai yake sayarwa, kuma da dalili ya zaɓe su. Littafi kaya ne da sunansa da sunan marubucinsa da lambar bugunsa suka isa su bayyana shi gaba ɗaya. Kwafin da ke cikin sito daidai yake da wanda ke kan kanta a kantin littattafai, ba ya ruɓewa, ba ya fashewa a hanya, sannan yawan littattafan da aka buga a duniya ya fi ƙarfin kowane gini, ta yadda shafin intanet zai iya jera abin da kanti mafi girma ba zai iya ɗauka ba. Tambaya ta biyu kuwa, wato ta amana, ita ce ta fi ba wa masu wannan sana'a wahala. Shafin eBay, wanda Pierre Omidyar ya buɗe a 1995, ya dogara ne da shaidar da masu saye ke bayarwa a kan masu sayarwa. A Sin kuma, bayan Jack Ma da abokansa sun kafa Alibaba a Hangzhou a 1999, suka buɗe kasuwar Taobao a 2003, sai da suka fito da tsarin Alipay, wanda ke riƙe kuɗin mai saye a matsayin amana har sai ya tabbatar kayansa sun iso lafiya, sannan a sakar wa mai sayarwa. Da ba a samo irin wannan dabara ba, mutane ƙalilan ne za su yarda su tura wa baƙon da ba su taɓa gani ba kuɗinsu.

Yana da kyau mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai, domin yawan labarin rufe kantuna yana sa mutum ya zaci an gama da su. A Amurka, cinikin intanet bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dukkan cinikin ɗai-ɗai ba. Yana kewayen kashi 16 cikin 100 a 'yan shekarun nan, daga kusan kashi 11 a 2019. A Birtaniya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi rungumar abin, ya tashi daga kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin annobar korona, ya haura kashi ɗaya cikin uku a farkon 2021 lokacin da aka kulle kantuna, sannan ya sauko ya tsaya sama kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu. A Sin ma ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Abin lura a alƙaluman Birtaniya shi ne saukowar nan: an tilasta wa mutane sayayya daga gida na tsawon watanni, sun koyi yadda ake yi, amma da aka buɗe ƙofofi sai da yawansu suka koma kanti don wasu kayan, suka kuma ci gaba da yin odar wasu. Ashe masu saye da kansu sun riga sun raba kaya gida biyu, ko da ba su zauna sun tsara rabon ba.

Batun farashi yana da gaskiya a cikinsa, kuma bai kamata a yi masa rufa-rufa ba. Mai kanti yana biyan haya a wurin da jama'a ke wucewa, wanda shi ne wuri mafi tsada, yana biyan wuta da ma'aikatan da za su tsaya ko da ciniki ko babu, sannan jarinsa yana kwance a cikin hajar da ya jera a kowane reshe. Mai sayarwa ta intanet yana iya tara hajarsa a babban sito ɗaya a bayan gari inda fili ke da araha, ya riƙa aika ta ko'ina. Ƙari a kan haka, mai saye yana iya kwatanta farashin masu sayarwa goma cikin mintuna kaɗan, abin da a kasuwa zai ci masa yini guda da kuɗin mota, kuma wannan sauƙin kwatance yana tilasta wa masu sayarwa su rage riba. Ga kaya masu suna da lamba, kamar waya ta wani kamfani mai wani samfuri, ko tawadar na'urar buga takardu, ko littafi, wannan fa'ida ce ta haƙiƙa, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙi cin moriyarta ba.

Sai dai farashin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto ba shi ne kuɗin da zai fita daga aljihu ba. Akwai kuɗin kawowa, wanda sau da yawa ba ya bayyana sai an kai matakin ƙarshe na biya. Idan kayan daga wata ƙasa zai taso, akwai kuɗin fito na kwastam da harajin shigo da kaya, da ɗan abin da banki ke yanka wajen canjin kuɗi. Kawowar da ake cewa kyauta ce ma wani ne ke biyanta, domin ɗaukar kwali ɗaya daga sito na ƙarshe zuwa ƙofar gida ɗaya shi ne zango mafi tsada a dukkan tafiyar kaya. Ko dai an cusa kuɗin cikin farashi, ko an karɓe shi ta hanyar rajistar shekara irin ta Amazon Prime da aka fara a 2005, ko an gindaya sharaɗin sai sayayya ta kai wani adadi, wanda ke sa mutum ya ƙara abin da ba ya buƙata don ya tsira daga kuɗin aike. Wani ɓangare na arahar shekarun farko ma daga giɓin haraji ya samo asali. A Amurka an daɗe jihohi ba sa iya tilasta wa kamfanin da ba shi da gini a cikinsu ya karɓi harajin sayarwa, har sai da Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair a 2018. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne jimillar kuɗi har kaya ya shigo hannu, a gefe guda kuma farashin kanti haɗe da kuɗin zuwa da dawowa. Idan aka auna haka, ƙaramin kaya mai tsada yakan fi araha a intanet, babban kaya mai nauyi da ƙarancin daraja kuwa sau da yawa kanti ne ke cin nasara.

Inda bambancin ya fi zurfi shi ne wajen kayan da sai jiki ya shaida su. Na taɓa yin odar takalmi daga wani shafi, na zaɓi lamba 43 da na saba sawa shekara da shekaru, na kuma duba hotunan ta kowace fuska har na gamsu. Da na buɗe kwalin, launin da ya fito ruwan ƙasa mai haske a allon waya ya zo kusa da baƙi, fatar ta yi tauri kamar ba a jeme ta sosai ba, kuma da na zura ƙafa sai babban yatsana ya tokare gaba tun kafin diddige ya zauna. Lambar ba ƙarya ba ce, an buga 43 a tafin takalmin. Ƙirar ce siririya, kuma babu hoton da zai iya gaya wa mutum faɗin ƙafarsa. A kanti da wannan ya ƙare cikin minti biyu: in gwada, in cire, in ce a ba ni na gaba da shi. A nan kuwa sai da na sake naɗe shi, na nemi inda zan buga takardar mayarwa, na kai ofishin masu aika kaya, sannan na yi makonni ina jiran kuɗina su dawo. Takalmi da tufa da yadi da turare da katifa da kujera da gilashin ido duk a wannan rukuni suke, haka ma kayan lambu da duk abin da ke saurin lalacewa. Sayen irinsu ta hoto cinikin biri a sama ne, sai fa idan mutum ya riga ya taɓa amfani da ainihin wannan samfuri yana son ya maimaita, a nan kam ya koma rukunin kaya masu suna da lamba.

Masu shafukan sun san wannan rauni, shi ya sa suka dogara da ra'ayoyin waɗanda suka riga suka saya. Wannan abu ne mai amfani ƙwarai, kuma ta wata fuska ya fi abin da kanti ke bayarwa, domin ma'aikacin kanti ba zai gaya maka cewa injin wankin da yake tallata maka yakan fara yoyo bayan wata takwas ba, amma mutane ɗari da suka saya za su faɗa. Matsalar ita ce ra'ayoyin nan ma sun zama haja, ana sayensu ana sayarwa, har ta kai hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 2024 da ta haramta rubuta ra'ayoyin bogi da cinikinsu. Shawarata ita ce mutum ya tsallake yabon da bai wuce kalma biyu ba, ya nemi ra'ayoyin tsaka-tsaki masu bayani dalla-dalla, musamman waɗanda aka rubuta bayan an daɗe ana amfani da kayan, ya kuma duba ko ƙorafi iri ɗaya yana maimaituwa daga bakin mutane daban-daban.

Akwai wani abu da masu saye da yawa ba su lura da shi ba, kuma ya shafi tambaya ta biyu kai tsaye. Manyan shafukan nan ba kanti ɗaya ba ne, kasuwanni ne da dubban 'yan kasuwa ke baje haja a cikinsu, mai shafin yana karɓar la'ada. Fiye da rabin kayan da ake sayarwa a Amazon na irin waɗannan 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, kuma Taobao da eBay tun asali a kan haka aka gina su. Ma'anar wannan ita ce sunan da ke saman shafi ba lallai ne shi ne wanda ka yi ciniki da shi ba. Cikin 'yan kasuwar akwai masu gaskiya da yawa, akwai kuma wanda zai sayar da jabu na 'yan watanni, ƙorafi ya yi yawa ya rufe, gobe ya buɗe da sabon suna. Mai kanti ba zai iya haka cikin sauƙi ba, domin yana da ƙofa da adireshi da haya da ya biya, kuma wanda aka cuta ya san inda zai same shi. Kafin a biya kuɗi a intanet, wajibi ne a duba layin nan ƙarami da ke nuna wane ne mai sayarwa da kuma wane ne zai aiko, a ga tun yaushe yake a shafin, sannan kada a yarda da duk wanda ya ce a fita daga shafin a tura masa kuɗi kai tsaye don a sami rangwame, domin da zarar an yi haka kariyar shafin ta faɗi.

A batun mayar da kaya, abin mamaki, intanet tana da wata fa'ida da kanti ba shi da ita a wasu ƙasashe. A Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa damar fasa ciniki cikin kwana 14 da karɓar kayan ba tare da ya kawo dalili ba, in ban da wasu kaya kamar waɗanda aka yi wa mutum musamman ko masu saurin lalacewa. Wanda ya saya a kanti ba shi da wannan haƙƙi a doka idan kayan lafiyarsa ƙalau, sai dai alfarmar mai kanti, saboda an ɗauka ya gani ya yarda kafin ya biya. Amma wannan kariya ba a ko'ina take ba, kuma ko inda take, haƙƙi a takarda daban yake da sauƙin karɓarsa: idan mai sayarwa yana wata nahiya, kuɗin mayar da kaya yana iya fin kuɗin kayan. Su ma kamfanonin sun fara gajiya da mayarwa kyauta, musamman a harkar tufafi inda mutane ke yin odar riga ɗaya girma uku don su gwada su mayar da biyu. Kamfanin tufafi na Zara ya fara cajin kuɗin mayarwa ta aike a Birtaniya a 2022, amma ya bar mayarwa a kantunansa kyauta. Ga kayan da ke buƙatar a girka su ko a riƙa gyara su, irin su firiji da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, ina ganin kanti mai garanti da masu gyara a kusa ya fi, ko da an biya ɗan ƙari, domin ranar da injin ya tsaya ba wanda zai so ya fara tunanin yadda zai naɗe shi a kwali.

Sauƙi kuwa ba a gardama a kansa. Ga mai naƙasa, da tsohon da hawa mota ke yi wa wuya, da mai jinyar wani a gida, da wanda ke zaune nesa da gari, da mai neman wani ɗan ƙarfen inji da babu kantin da zai ajiye shi saboda mutum ɗaya ne ke nemansa a shekara, sayayya ta intanet rahama ce, kuma duk mai kare kantuna da ya manta da waɗannan mutane bai yi adalci ba. Amma abin da ake buƙata yanzun nan, kamar fitilar da ta mutu da dare ko famfon da ya ɓalle, kanti na kusa ne maganinsa.

Sauƙin nan yana da nasa farashi. Amazon ya yi rajistar mallakar fasahar saye da latsawa ɗaya a 1999, domin an gane cewa duk matakin da aka cire tsakanin sha'awa da biya yana ƙara ciniki. Agogon da ke ƙirga saura minti nawa rangwame ya ƙare, da rubutun da ke cewa saura guda biyu, da ranakun garaɓasa irin 11 ga Nuwamba da Alibaba ya mayar ranar sayayya tun 2009, duk an tsara su ne don kada mutum ya tsaya ya yi tunani. Kantuna ma suna da dabarunsu, su ne suka fara jera kayan kwaɗayi a bakin wurin biya, sai dai kanti yana rufewa da dare, waya kuwa tana kusa da matashin kai. Sannan shafin yana ajiye tarihin duk abin da mutum ya duba da abin da ya saya da adireshinsa, alhali mai biya da tsabar kuɗi a kanti yana fita ba tare da ya bar komai ba. Wanda ya san kansa da saurin kashe kuɗi, ya bar kaya a kwandon shafin ya kwana, ya dawo washegari ya ga ko har yanzu yana so.

Me duk wannan ya yi wa kantuna? Ya kashe wasu, kuma duba waɗanda suka mutu yana da darasi ga mai saye da mai sayarwa. Borders, wanda ya kasance ɗaya daga cikin manyan kantunan littattafai a Amurka, ya miƙa wa Amazon cinikinsa na intanet a 2001, bai buɗe shafin kansa ba sai 2008, ya kuma rufe gaba ɗaya a 2011. Toys "R" Us mai sayar da kayan wasan yara ya durƙushe a 2017, ya rufe kantunansa na Amurka a 2018, amma tun 2005 yake ɗauke da bashin biliyoyin daloli da waɗanda suka saye shi suka ɗora masa, ta yadda kuɗin da ya kamata ya gyara kantuna da su suke tafiya wajen biyan ruwan bashi. Sears, wani babban kamfanin kantuna na Amurka, ya bi sahu a 2018, kuma labarinsa ya fi ba ni takaici, domin shi ne ya shahara da sayar da kaya daga nesa ta littafin talla da gidan waya tun ƙarshen ƙarni na 19, ya rufe babban littafin nan a 1993, shekara biyu kacal kafin Amazon ya buɗe shafinsa. A Birtaniya, Debenhams, kamfanin manyan kantunan tufafi da kayan gida mai tarihin fiye da shekara 200 ya rufe kantunansa na ƙarshe a Mayun 2021, bayan kamfanin intanet na Boohoo ya sayi sunansa da shafinsa ya bar gine-ginen da ma'aikatan. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne suna sayar da kaya masu suna da lamba da ake samu a ko'ina, a manyan gine-gine masu tsadar haya, wasunsu kuma bashi ya riga ya raunana su. Intanet ta ture bangon da ya riga ya tsage.

Waɗanda suka tsira kuwa sun riƙe wani abu da allon waya ba ya bayarwa. Kamfanin kantunan tufafi na Primark ya ƙi shiga harkar kai kaya gida saboda tufafinsa suna da arahar da kuɗin aike zai cinye ribarsu, ya dogara da jama'ar da ke cika kantunansa. Best Buy mai kayan lantarki ya yanke shawara a 2013 cewa zai riƙa daidaita farashinsa da na manyan shafukan intanet, ya kuma ƙarfafa bayani da girkawa da gyara. Su kansu kamfanonin intanet sun juyo suna neman gini: Amazon ya sayi kantunan abinci na Whole Foods a 2017 a kan dala biliyan 13.7. Daga ɗaya gefen kuma Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya mayar da dubban kantunansa wuraren da ake karɓar odar da aka yi ta waya. Wannan hanya ta tsakiya, wato a duba a biya ta intanet sannan a je kanti a karɓa, ita ce a ganina ta fi dacewa da kaya da yawa, domin babu kuɗin aike, ana iya buɗe kwali a gaban ma'aikaci, kuma in da matsala a nan take za a ajiye masa abinsa.

Akwai wata ɗabi'a da nake so mai karatu ya yi tunani a kanta, domin tana damuna. Na taɓa tsayawa a wani kantin kayan lantarki ina jiran a sallame ni, na ga wani ma'aikaci ya shafe kusan rabin awa yana yi wa wani mutum bayanin bambancin kwamfutoci biyu, ya kunna masa su, ya ba shi ya gwada madannan, ya gaya masa gaskiya cewa mai arahar ta ishe shi aikinsa. Da ya gama, sai mutumin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton lambar samfurin, ya ce zai je ya yi shawara. Ma'aikacin ya kashe kwamfutocin ya goge allon da ƙyalle bai ce komai ba, amma dukanmu mun san inda za a yi cinikin. Doka ba ta hana wannan ba, kuma na san talauci yakan sa mutum ya bi ko ɗan bambanci ne, amma ilimin nan da aka ba shi da damar gwadawa kaya ne masu tsada, haya da albashi ne suka samar da su. Idan kowa ya ci moriyarsu ya kai kuɗinsa wani wuri, za a wayi gari babu inda za a je a gwada. Waɗanda za su fi shan wahala a ranar su ne marasa katin banki da marasa intanet da tsofaffin da ba su iya latsa waya ba, waɗanda kanti ne kaɗai kasuwarsu. Ayyukan yi ma ba ɓacewa suke yi gaba ɗaya ba, komawa suke sito da bayan motar kai kaya, sau da yawa a wani gari dabam, kuma wanda ya shekara ashirin yana sayar da tufa ba lallai ne ya iya ɗaukar kwali ba. Ra'ayina shi ne wanda ya amfana da lokacin mai kanti, aƙalla ya nuna masa farashin da ya gani ya ba shi dama ya rage, kuma idan bambancin kaɗan ne ya saya a wurinsa.

Ɗan kasuwar da ke tunanin ko ya saki shago ya koma intanet shi ma tambayoyin nan biyu ne za su yi masa jagora. Idan hajarsa ta masu suna da lamba ce, a shafi zai yi gogayya da dubban masu irinta, inda mai araha ne kaɗai ke fitowa a sama, kuma hayar da ya gudu daga gare ta za ta dawo masa da wasu sunaye: la'adar shafi, da kuɗin talla don a gan shi, da kuɗin naɗewa da aikawa, da asarar kayan da aka mayar. Sannan abokin cinikin na mai shafi ne, ba nasa ba, kuma ana iya sauya masa ƙa'ida ko a rufe asusunsa dare ɗaya. Idan kuwa abin da yake sayarwa na musamman ne, ko aikin hannu, ko kayan da masu nemansa suka warwatsu a garuruwa, intanet za ta kai shi inda shago ba zai taɓa kai shi ba. Ga mafi yawan masu shago, abin da ya fi aminci shi ne su riƙe shagon, su ɗora hajarsu da farashinta inda za a gani ta waya, su bar mutum ya tabbatar akwai kayan kafin ya taso.

Rukuni ɗaya ne ba na yi wa sassauci, shi ne kayan da jabunsu ke iya illata rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magunguna goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba, kuma shafin da ke sayar da maganin da sai da takardar likita ba tare da ya nemi takardar ba, wannan kaɗai ya isa ya sa a guje shi. Haka madarar jarirai, da man shafawa, da cajar waya da batirin da ke iya kama wuta, da birkin mota, da hular kwano. Irin waɗannan a saye su a kantin magani mai rajista ko wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, ko kuma a shafin kamfanin da ya yi su da kansa, kuma da sun iso a duba hatimin kwalin da lambar rukuni da ranar lalacewa, a ajiye rasit.